Abin da Inna Ba Ta Faɗa wa Lauya Ba

Abin da na fara lura da shi da muka shiga ofishin lauyan shi ne kujerunsa ba sa kallon juna. An jera su gefe da gefe kamar na ajinmu, duk suna fuskantar taga ɗaya. Tebur yana can a lungu, littattafai sun danne shi, ba wanda ke zama a bayansa. Ta tagar ana hango rufin gidajen unguwar Jadid da tankunan ruwa, da kan wata bishiyar dabino da ba a ganin gindinta, sai ka ce a iska ta tsiro. Na tsaya ina kallon ganyenta har sai da Gwaggo ta dungure ni ta ce in cire takalmi.

Da Baba muka je, da Gwaggo yayarsa, da Inna tana goye da ƙanena. A lokacin ina ajin ƙarshe na firamare.

Asalinmu Damagaram ne, amma ni a Sabha aka haife ni, can ƙasar Larabawa, tsallaken Sahara. Baba direba ne, yana bin hanyar Agadas. Inna kuma tana toya ƙosai da fanke da safe, tana sayar wa leburorin da ke zaman jiran aiki a bakin titi. Ban taɓa jin sun yi faɗa ba. Baba ya gaji da hanya ya ce a koma gida, Inna ta ce ita ba ta bar komai a can da za ta koma wa ba. Daga nan magana ta yi ta ƙanƙancewa a gidanmu kamar sabulun wanka, har wata rana aka duba babu. Ya sake ta, ya kwashe kayansa ya koma kwana a garejin wani abokinsa. Ya ce da zarar zafi ya sauka zai tafi, tafiyar da ba dawowa, shi da Gwaggo. Abin da ya rage a raba shi ne mu. Ba a wuce shingayen hanya da yaro sai da takarda mai hatimi, shi ya sa aka nemi lauya. Wani maƙwabcinmu ne ya ce a je wurin wannan, don shi ba ya gaggawar kai mutane mahkama, wato kotu.

Dattijo ne siriri, ɗan garin, da baƙar hula da tabarau rataye a wuya. Ba shi da akawu, ba shi da ɗan aike. Shi ya buɗe mana ƙofa, shi ya dafa shayi, kuma na ga tsintsiya a bayan ƙofar, na san shi ke shara. Baba yana ce masa aboka kamar yadda mutanen Nijar ke faɗa, 'yan gari suna cewa muhami, amma a gabansa kowa Ustaz yake cewa. A shagon mahaifinsa ya tsinci Hausa, a bakin fatake, kuma a Hausarsa kowa namiji ne.

"Hajiya, kai zauna nan tsakiya," ya ce wa Gwaggo.

"Ustaz, ni fa mace ce, har da jikoki."

"Bahi, Hajiya," ya ce, wato "to" a Larabcinsu. "Kai mace ne. Zauna."

Har Baba sai da ya murmusa. Ya zauna a wannan ƙarshen, Inna a wancan, Gwaggo ta cika tsakiya. Ustaz ya jawo 'yar kujera ya zauna a gefe, jikin bango. Ni da ƙanena aka ba mu tabarma a baya, don haka ƙeyoyinsu kawai nake gani. A wuyan Baba akwai layi inda rawani ke tsayawa, sama fari-fari, ƙasa rana ta ƙona. A mayafin Inna wani zare ya zare, yana lilo duk lokacin da ta yi numfashi.

Ustaz ya ce shi abu biyu ne ba ya yi. Ba ya rubuta abin da ba a faɗa da baki ba, ba ya kuma rubuta abin da ɗaya ya faɗa ɗayan bai ji ba. Sai aka fara da kayan ɗaki. Nan da nan aka gama, don kowa cewa yake a bar wa ɗayan. Da aka zo kan ƙanena, Inna ta gyara zama.

"Yaron nan ba inda za shi," ta ce, da muryar da take ciniki da ita.

"Ai ƙarami ne," in ji Baba. "Ban ce zan ɗauke shi ba."

"Bahi. Yarinya fa?"

Na ji ƙarar wata mota tana neman tashi a ƙasa, tana tari tana mutuwa.

"Wannan tawa ce," Gwaggo ta ce. "Da ita za mu tafi. Ɗakinta ma na san shi."

Ustaz ya karkata ya dubi gefen Inna. "Kai me ka ce?"

"Ni ba ni da ta cewa a kan waccan."

Ya sa tabarau, ya juyo ya dube ni, ya daɗe. Da ya zuba shayi na ƙarshe, mai gyaɗa, sai ya cika mini kofina da gyaɗar har ta yi tozo. Na gane tausayina yake ji. Ya ce a tashi haka, yau ba zai rubuta komai a kaina ba.

Ni ce 'yar fari, kuma sunan mahaifiyar Baba aka sa mini. Kunya biyu ke nan ta haɗu a kaina, ta 'yar fari da ta suruka. Tun da na yi wayo Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" take cewa, in kuma da wasu take magana ta ce "waccan". Ba ta yabona, ba ta zaunar da ni a jikinta a gaban mutane. Ranar da aka kira ni a makaranta aka ba ni kyautar karatu, ta zo, amma bango ta yi ta kallo. Wannan bai taɓa damuna ba, don haka na tarar da duniya. Baba kuwa ya daɗe cikin Larabawa da Tubawa, tasa kunyar ta koɗe. "Uwata" yake ce mini, da ƙarfi, ko a kasuwa. Amma ran nan, a ɗakin baƙo, na ji maganar Inna da kunnen Ustaz, sai ta yi mini wani irin sauti da ban taɓa ji ba. Na sauko matakala ina tambayar kaina ko dama can ni ce ban iya ji ba.

Kwanakin da suka biyo baya kamar a cikin ruwa na yi su. A makaranta nakan zauna ina kallon abubuwa ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ɗaure su a ƙullin zane. Allin da ke maƙale a hannun rigar malamarmu. Famfon da ke bakin aji, wanda sai an buge shi yake kawo ruwa. Inuwar tuta da ke rarrafowa har ta taɓa ƙofarmu, alamar an kusa tashi. Damagaram kuwa ban san ta ba sai a bakin Gwaggo. Ta ce akwai duwatsu manya a tsakiyar gari kamar giwaye sun durƙusa, ta ce ana ruwan sama har ƙasa ta yi ƙamshi kwaɗi su hana mutane barci. Da rana, in an ɗauke wuta gari ya yi tsit, nakan kwanta in lumshe ido in ga duwatsun nan sun miƙe suna tafiya a hankali cikin rairayi, ni ina bisa ɗaya, ina waiwayen wani hayaƙi siriri da na san na kaskon Inna ne. Ba mafarkin tsoro ba ne.

Inna kuwa ta fito da kayana duka ta wanke, ta zauna tana ɗinke inda ya ɓarke, tana saukar da kalmasar rigunan da suka ɗage mini. Na ce a raina shiri take yi mini.

Wata rana na dawo daga makaranta ta ce, "Ke, ɗauko shi mu je." Ustaz ne ya aiko yana son ganinta ita kaɗai. Da yake mace ce, ya bar ƙofa a buɗe, ya zaunar da mu a matakala, ya ba ƙanena tarin tsofaffin makullai ya yi wasa. Ba wuta, fanka ba ta juyawa, don haka duk abin da aka faɗa a ciki yana gangarowa har inda nake. Zan rubuta sauran maganarsa a gyare, kamar yadda na fahimce ta.

"Yau ba shari'a," ya ce. "Al'adata ce, in yaro zai bar hannu ya koma wani hannu, nakan tambayi wanda ya saba da shi abin da ya kamata mai karɓa ya sani. Me zan gaya wa gwaggonta?"

"Ba komai. Ai ta san ta."

Na ji cokali yana zagaya kofi. Ustaz bai ƙara tambaya ba. Ya iya shiru, irin wanda ba ya tura mutum.

"Sai dai a ce mata ba ta cin kuɓewa," Inna ta ce can ƙasa. "In an ba ta za ta ci, ba za ta ce komai ba, amma cikinta zai murɗa."

"To."

"In aka ce ta ƙara abinci ta ce ta ƙoshi, ba gaskiya ba ne, a ƙara mata. Sai ta faɗa na biyu."

"To."

"Kunnenta na hagu, in sanyi ya shigo, a ɗiga mata man zaitun mai ɗumi. Ba ta barci sai bayanta na jikin bango, kada a sa ta a tsakiya. In za a yi mata kitso kada a ja gefen goshi. Ba ta kuka, sai dai ka ga ta naɗe yatsun ƙafa, to a sassauta. Ba ta roƙo. In takalminta ya matse ta haka za ta yi ta tafiya, sai an duba diddigenta." Ta tsaya, na ji ta ja numfashi. "In kuma ta yi shiru ta ƙura wa abu ido, ba raini ba ne, ba kuma iska ba ce, kada a kai ta wurin kowa. A ƙyale ta. Da kanta take dawowa."

Na sunkuya na dubi ƙafafuna. Yatsun a naɗe suke. Wani haske ya shigo ta hudar bangon matakalar ya kwanta a gwiwata, ƙura tana yawo a cikinsa a hankali, na yi ta kallonta don kada in yi wani motsi a ji.

"Allah ya yafe mini," in ji Ustaz. "Ran nan na yi miki mummunan zato. Wannan ba maganar mai son rabuwa da 'ya ba ce. To ki faɗa a gabansu, kalma ɗaya, in rubuta."

"Ba a faɗa, Ustaz."

"Saboda me?"

"Ta fari ce."

"To?"

"To ai shi ke nan."

"Baiwar Allah, ko gaban alƙali aka je, ina ganin ke za a ba. Amma zai tambaye ki, sai kin buɗe baki."

"In tsaya gaban maza in ce ina son 'yar fari? Uwata ba ta yi ba. Ni ma a hannun kakata na tashi."

Da ta fito ta wuce ni ba ta dube ni ba. "Ke, kin zuba masa ido yana cin makulli," ta ce, ta fizge makullan ta miƙa wa Ustaz. A hanya ina bayanta ina kallon diddigenta. Nata ma a tsage yake.

Bayan 'yan kwanaki na hango Ustaz a unguwarmu. Bayan la'asar ne, yana zaune a kan benci a ƙofar wani tela, tsakanin tsofaffin Hausawan da ke taruwa a wurin, ya cire takalmi ya naɗe ƙafa. Su suke magana, shi yana saurare, wani tsoho yana zana masa wani abu a ƙasa da sanda. Na rufe fuska da littafi na wuce ta ɗaya gefen.

Sai Ustaz ya kira Baba da Gwaggo. Ran nan Baba ya ɗauko ni daga makaranta zai saya mini takalmin tafiya, don haka da ni aka je. Ustaz ya so in jira a waje, Gwaggo ta ce, "Bar ta, wannan ko ganga ake kaɗawa ba ji take ba, tana can duniyarta." Na zauna a tabarmata.

"Hajiya, na je makaranta," Ustaz ya ce. "Tsofaffinku sun karantar da ni maganar ɗan fari."

"Ah to, madalla. Haka muka tarar. Ɗan fari na dangi ne. Ni nan da kake gani ban san cinyar uwata ba, ga ni kuwa ban lalace ba."

"Ina gidan da aka kai ki yake?"

"Gidan kakata mana. Katanga ɗaya."

"Uwarki tana ganinki?"

"Kullum. Ta leƙo ta katanga kamar tana neman kaza. In ta yi dambu ta aiko, ta ce wai na tsohuwa ne, alhali tsohuwa ba ta da haƙori." Gwaggo ta yi dariya, dariyar ta tsaya mata a rabi.

"Wannan katangar, Hajiya, Sahara ce. Ta ina za ta leƙo?"

"Ji Balarabe zai koya mini al'adata," in ji Gwaggo. Ta kama bakin mayafinta tana naɗewa tana warwarewa.

Ustaz ya juya wajen Baba, ya rage murya. "Ba zan iya sa ta roƙa ba, na gwada. In na kai ta mahkama, ko ta rasa 'ya ko ta rasa fuska, kai kuma ka zama wanda ya ja ta can, yaranka su tashi da wannan labari. Ba na son wannan aikin. Amma tsofaffin sun gaya mini wani abu. Sun ce a wurinku in uba ya ɗauki ɗansa ya ce wa mutum riƙe mini, amana ce, ba a ƙi, kuma ba kunya a karɓa. 'Yarka ce. Kana iya ba wanda ka ga dama riƙo. Ko da uwarta ce."

Baba ya daɗe yana kallon taga.

"Ustaz, shekara da shekaru ina bin hanyar nan. Na ga motocin da suka ɓata, na ga abin da ba na faɗa a gida. Ko sau ɗaya matar nan ba ta taɓa ce mini kada ka tafi ba. Na ce zan koma gida gaba ɗaya, ba ta ce zauna ba. Yanzu kuma ni zan je ƙofarta in yi roƙo?" Ya shafa fuska. "Sunan uwata ne da yarinyar nan. In na bar ta, me na kai gida?"

Na jira in ji abin da Ustaz zai ce, don na san yana da amsa. Sai kawai ya ɗaga buta sama ya zuba shayi, ya mayar, ya sake zubawa har kumfa ta tashi. Sai da kowa ya sha sannan ya ce shi ma yana da roƙo, amma ba na shari'a ba. Ƙanensa yana da lambun dabino a Ghuddwa, an fara sauke nunannun, ga rabonsa can ba mai kawo masa. Ko Baba zai taimaka ranar Asabar?

"Wannan ai ba komai ba ne," in ji Baba.

"Ka tafi da yarinya. Haihuwar Sabha, amma na tabbata ba ta taɓa ganin dabino a jikin uwarsa ba sai a kwali."

Muna fita Ustaz ya tsayar da ni a bakin ƙofa, ya yi mini magana da Larabci, a hankali, yadda malamarmu ke yi in ba ta son aji ya ji. Ya ce, "Ba zan tambaye ki wa kike so ba. Ba a yi wa yaro wannan tambaya. Babanki mutumin kirki ne, ciwo ne a ransa." Na dubi maɓallin rigarsa na sama, wanda aka ɗinke da zaren da ba kalarsa ba, na gyaɗa kai.

Ranar Asabar da hantsi muka kama hanyar kudu a motar Baba mai buɗaɗɗen baya. Ita ce hanyar da za mu bi in ranar tafiya ta zo, na sani, shi ma ya sani. A shingen bakin gari samarin da ke riƙe da bindigogi suka gane shi, suka yi masa ba'a wai yau ya samu ƙaramin fasinja, ya ce musu wannan ba fasinja ba ce, uwarsa ce. Da gidaje suka ƙare sai Baba ya zama wani mutum. Kafaɗunsa suka sauka. Ya riƙe sitiyari da hannu ɗaya yana nuna mini abubuwa: inda rairayi ke cin kwalta, yadda ake gane ƙasa mai tauri daga launinta, wani tsauni mai baƙin kai da ya ce direbobi na gaishe shi. Can gaba hanya ta narke ta zama ruwa, motocin da ke tahowa suna iyo a kai ba tayoyi. Ya ba ni labarin mahaifiyarsa, wadda ban taɓa gani ba, ya ce ita ma haka take ƙura wa abu ido, har a yi ta kiranta tuwo yana ƙonewa. Ya yi 'yar waƙa, muryarsa ba daɗi, ya sani, ya ci gaba. Na jingina kai da gilashi ina jin waƙar tana shigowa ta ƙashin kaina. A nan na gane duk inda aka ajiye ni akwai abin da zan rasa, kuma ba wanda zai iya rubuta takardar da za ta hana haka.

Lambun ya fito mana kwatsam, kore a tsakiyar fari. Muna shiga inuwar sai sanyi ya sauko mini a ka kamar an yafa mini jiƙaƙƙen zane. Injin ruwa yana bugawa can nesa, ruwan yana bin 'yar magudana tsakanin itatuwa ba hayaniya. Wani mutum yana can sama ya ɗaura igiya a ƙugu, yana sauko da nonnan dabino a hankali, waɗanda suka zube suna faɗowa kan shimfiɗa tif, tif. Zuma suna ta kewaya. Ma'aikatan 'yan Nijar ne, suka kewaye Baba suna gaisawa, suna tambayarsa labarin hanya da na gida. Ƙanen Ustaz ya kawo mana gurasa da shayi, ya ce ba gaggawa, a bari rana ta karya tukuna.

Da aka gama lodi Baba ya yi alwala ya yi azahar, sannan ya zo ya zauna kusa da ni a bakin magudanar. Na riga na cire sabon takalmin na tsoma ƙafa. Ya ɗebo dabino a hularsa. Kowanne sai ya tsaga shi da farce ya duba ciki, ya hure, sannan ya miƙo mini. Masu laushin yake ba ni, shi yana cin busassun.

"Uwata, kin yi shiru."

Na ce ina kallon ruwa ne.

"A can ma akwai ruwa. Da damina har ya yi yawa." Ya tsaga wani dabinon. "Akwai lakwal kusa da gidan gwaggonki. Sai dai da Faransanci ake yi, za su mayar da ke baya kaɗan. Amma ke ai kina da kai." Ya dubi dabinon ya daɗe, bai ba ni ba, bai ci ba. "Za ki saba."

Wani ganye ya taho a kan ruwan, ya daki ƙafata, ya yi jim, ya kewaye ta ya wuce. Kurciya tana kuka a sama, ta yi ta maimaita abu ɗaya. Na ji maganar ta taso mini tun daga ciki. Ban saba roƙo ba, ban san ta inda ake farawa ba. Na tuna Inna ba za ta faɗa ba ko za a shekara, Baba ba zai fara ba, Ustaz kuma ba zai rubuta abin da ba a faɗa ba. In na bar wannan inuwar ban yi magana ba, zafi zai sauka, a ɗaure kaya.

"Baba."

"Na'am, Uwata."

Ban ɗago ba. Na dubi hannunsa, da tabon da murfin injin ya yi masa a babban yatsa.

"In mun koma, kada ka sauke ni a bakin titi ka wuce. Ka shigo ciki. Ni taka ce, ko'ina nake, in an yi hutu ka aiko a kawo ni. Amma ka shigo ka ce mata ta riƙe maka ni. Don Allah, Baba, ka ce kai ne kake roƙo."